Don kada auta ta ɗauki farantin talla



Tun da aka san muna sayar da man gyada da ƙuli-ƙuli ta waya, da wuya mako ya wuce ba a turo mana murya ana tambaya ba. Da jika nawa ake farawa? Wane kaya ne ya fi tafiya? A Facebook ake sawa ko a statu na WhatsApp? Muna amsawa iya saninmu, amma gaskiya duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai koya cikin kwana uku. Tambayar da ba a cika yi mana ba, kuma ita ce ke raba wanda ya ɗore da wanda ya bari, ita ce wannan: me zai hana ka ajiye wayar a mako na biyar, ranar da mutum ɗari suka kalli hoton kayanka babu wanda ya ce maka uffan, ga mega ta ƙare? Amsar da muke da ita ta gidanmu ce, don haka sai mun ɗan buɗe muku cikin gidan.

Mu uku ne a wannan sana'a, ɗaki ɗaya muka fito, a nan cikin Maradi. Babbarmu tana gidan aure, ba ta fita sai da dalili. Mai bi mata ta yi lisans, ta yi sarbis sibik, ta dawo gida da takardunta cikin leda tana jiran aiki. Na ukun namiji ne, yana kabu-kabu. Akwai kuma ta huɗu, autarmu, wadda ba ta cikin cinikin amma saboda ita ake yin sa.

Da man gyada Inna ta rene mu tun bayan rasuwar Baba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake matsar mai ya san aikin. A soya gyada, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai inji a niƙo. A zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har man ya taso, a matse tunkuza, a mulmula ƙuli-ƙuli a soya shi cikin man da ya fito daga jikinsa. Aikin yini guda ne a bakin wuta. To amma matar da ke cikin gida ba ta zuwa kasuwa, ɗiyarta ce ƙafarta. Haka muka tarar a gidajenmu, daga Maradi har Damagaram, uwa na dafawa ɗiya na yawo da faranti. Mu biyun mata duk mun ɗauka. Babbarmu, farantin ne ya fitar da ita daga makaranta tana CE2. Ta biyun ta haɗa biyu, talla da yamma, karatu da dare, da ƙyar ta sha.

Kada a ce laifin Inna muke faɗa. Farantin nan shi ne cefane, shi ne sabulu, shi ne kuɗin magani, a cikinsa kuma uwa ke tsimin kayan ɗakin ɗiyarta. Mai zagin uwar ƴar talla, a fara tambayarsa ko ya taɓa kai mata tiya ɗaya ta hatsi. Sai dai mu da muka ɗauka mun san abin da ke bakin tasha. Mun san irin maganar da ƙato ke faɗa wa yarinya ƴar shekara goma sha biyu yana ƙirga mata canji. Mun san yadda yarinya ke tsayawa bayan gida tana kuka har magariba saboda kuɗin talla sun zube.

A watan Yuni na 2023 auta ta gama CM2, aka ce ta samu shiga kwaleji. A daidai lokacin kuma aka sa ranar auren ɗiyar maƙwabta da ke yi wa Inna talla. Ba sai an faɗa ba, faranti kan auta zai koma. Inna ba ta ce za ta cire ta daga makaranta ba, amma mun san yadda abin ke tafiya. Yau a makara, gobe a yi fashi don ranar kasuwa ce, jibi maki ya faɗi, ƙarshen shekara a ce ta maimaita aji, shekara mai zuwa a koro ta.

Sai muka zauna da Inna muka yi lissafi. Nawa farantin ke kawowa in an cire kuɗin gyada, inji da icce? Ranar da aka dace, jika guda da ɗan kai. Ranar da ba a dace ba, dala ɗari. Muka tsayar da jika guda a rana, wato jika talatin a wata. Muka ce ta ba mu hutun nan, Yuli, Agusta da Satumba. In har kafin a koma makaranta a Oktoba waya ta kai ga kawo jika talatin a wata, faranti ya huta.

Inna ta dube mu ta ce: "Ku dai ɗiyan yanzu. Wa ka sayen mai bai shinshina ba, bai lasa ba? Wanga ai cinikin biri a sama ne." Ta yi shiru, can ta ce: "To na ba ku. Amma ku sani tukunya ba ta jiran salula. In kunka kasa, ba ni son gardama."

Daga wannan rana muka samu abin da yawancin masu farawa ba su da shi. Mun san don wa muke yi, mun san nawa muke nema, mun san ranar da za a yi mana hisabi.

Jarinmu jika goma sha biyar ne, daga adashin ƴan kabu-kabu. Wayar kuma ta mai lisans ce, gilashinta a tsage. Muka raba aiki: babbarmu na taya Inna daga gidanta, ita ke mulmular ƙuli-ƙuli da dakan yaji, ta biyun na riƙe da waya da littafin lissafi, namijin na kai kaya. Tun farko muka gane rubutu bai isa ba, don da yawa daga cikin matan da ke sayen mai ba su karatun boko, murya suke saurare. Muka riƙa yin magana da bakinmu kamar yadda ƴar talla ke sallama a ƙofar gida. Muka kuma ɗauki hoto mai motsi na hannun Inna tana matsa, man na tsiyaya, ba tare da fuskarta ba. Tun da mai saye ba zai shinshina ba, to ya gani da idonsa.

Makon farko lita biyu muka sayar, su ma dangi ne suka saya don kara. Mako na biyu aka fara turo "nawa ne?" A faɗa wa mutum kuɗi, ya ce zai kira, shiru kake ji. Wanda bai yi wannan sana'a ba ba zai gane ciwon wannan shirun ba. Ƴar talla in ba a saya ba, ta ga fuskar wanda ya ƙi. Mai waya kuwa sunaye kawai yake gani sun kalla sun wuce, har da na ƙawaye da na abokai.

Muna cikin haka sai ga 26 ga Yuli. Kowa ya san abin da ya biyo baya: takunkumin CEDEAO, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Maradi kuwa da iyaka take numfashi. Daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar kilomita arba'in ce ko kusa da haka, ka ƙetare ka shiga Jibiya, ka wuce Katsina da Kano. Yawancin waɗanda muka fara tare da su, atamfa, takalma da jakunkuna suke saro wa daga Kano su sa a statu. Hanya na rufewa, statu ɗinsu ya yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Mu kayanmu na gida ne, amma ba mu tsira ba. Kuɗi suka ɓace a hannun mutane, wuta ta zama sai an yi sa'a, wayar ma wurin mai caji take wuni. Ga damina, lokacin da gyadar bara ta ƙare ta bana ba ta iso ba, tiya ta yi tsada.

Akwai dare fiye da ɗaya da babu mai son buɗe littafin lissafi a cikinmu. Da a ce don mu yi kuɗi muka fara, wallahi a nan za mu tsaya, kuma babu mai ganin laifinmu, kowa zai ce halin ƙasa ne. Amma Oktoba na tafe, farantin na rataye a ɗakin girki, auta na wucewa ta gabansa kullum. Da safe sai a sake ɗaukar hoto, a sake yin murya.

Sauƙin ya zo ta inda ba mu zata ba. Da hanyar Kwatano ta toshe, kayan da ke shigowa daga waje suka yi tsada, har da man girki na bido. Matan da suka daɗe da barin man gyada suka fara waiwayensa. Wata ƴar Maradi da aure ya kai Yamai ta ga hoton hannun Inna a wayar ƴar'uwarta, ta kira ta ce a aika mata lita biyar. Ba ta san mu ba, ba mu san ta ba, amma ta je NITA ta turo kuɗin tun kafin ta ga kaya. Muka ɗaure bido da kyau, aka kai kamfanin mota, ya bi ta Kwanni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita ɗari shida. Washegari ta turo murya tana dariya, ta ce tana buɗewa ta ji ƙamshin gidansu. Ita ta sa lambarmu cikin zauren matan unguwarsu, daga nan Damagaram ta biyo, sai Agadas.

Ƙarshen Satumba muka kai wa Inna littafi. Yuli jika shida. Agusta jika goma sha huɗu. Satumba jika ashirin da bakwai. Ta sa aka sake karanta mata, ta ce: "Ba su cika ba, saura ukku." Babu wanda ya yi gardama, alkawari ne. Namijin cikinmu ya sa hannu aljihu, ta ce ya mayar, ba da kuɗin babur aka yi magana ba. Sannan ta ce: "Shekara ashirin hwarantin nan na yawo, bai taɓa wuce tasha ba. Ku kun kai man gidan ga Yamai. Ku tai ku ɗinka mata kayan lakwal." Yau farantin shanyar barkono ake yi a kansa.

Bayan wannan ne muka lura dalilin mutum ba tashe shi da safe kaɗai yake yi ba, har hana shi wasu abubuwa yake. In gyada ta yi tsada, akwai mai zuwa ya ba ka shawara a kunne: ka sirka da man bido mai araha, wa zai gane ta waya? Za a gane. Mace ɗaya ta gane ta yi murya ɗaya a zauren mata, cinikin shekara ya rushe, sunan da zai ɓaci kuma na Inna ne. Abin da muke yi shi ne mu sayi gyada da kaka, lokacin da ta cika kasuwannin Tasawa, Agye da Gidan Rumji, mu ajiye gwargwadon ƙarfinmu. In ta ƙare kuma dole a ƙara kuɗi, mu fito mu faɗa wa masu saye dalili.

Haka batun bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma jarin jika goma sha biyar ba ya ɗaukar "zan kawo ƙarshen wata". Da wuya ka ce wa ɗan'uwa a'a don kanka, amma in ka tuna kuɗin littattafan wata ne za ka bayar, bakinka zai iya. Haka masu turo hoton takardar aiken kuɗi ta ƙarya: kaya ba sa barin gida sai mun ga kuɗin a hannu ko a waya, ko mutum ya rantse da me. Haka mazan da ke ganin lambar mace a statu su fara sallama tsakar dare, ba mai suke nema ba, nan take ake toshe su. Haka masu cewa zuba jika goma ka kwashi ashirin bayan mako guda. Wanda burinsa ya yi arziki da wuri shi suke kamawa. Wanda ya san jika talatin ɗinsa na da wurin zuwa ba ya caca da su.

Sai kuma gori. An faɗa, a bayan ido da gaban ido: duk karatun nan a ƙuli-ƙuli ya ƙare? Mai faɗar haka bai san garin da yake ciki ba. Alhazan Maradi da ake ji da su, da cinikin gyada da yawansu suka tashi tun zamanin Turawa, har fari na 1973 da 1974 ya karya noman, suka juya ga wasu kayayyaki da cinikin iyaka. Da yawa kuma a barantaka suka fara. Ubangida ya ɗauki kaya ko kuɗi ya damƙa wa yaronsa ya tafi ƙauye, babu takarda babu sa hannu, sai amana. Kafin su, fatake sun yi ta kai da kawowa har Gwanja neman goro a kan wannan amanar. Ashe ciniki da wanda ba ka gani ba ba salula ce ta kawo shi ba. Abin da ta kawo shi ne yanzu matar da ke cikin ɗaki ma tana iya yi, ba tare da ta ɗora wa ɗiyarta kaya a ka ba.

A zauren masu sayarwa da muke ciki, mun lura duk waɗanda suka wuce shekara biyu suna da irin wannan abu a zuciya, ko da ba su cika faɗa ba. Akwai wani saurayi a Tawa mai aika kilishi da albasa. Duk sa'o'insa sun tafi cirani, wasu Abijan wasu Libiya, shi kuma mahaifinsa kwance yake, yana so ya zama ɗan da ke kusa. Akwai wata baiwar Allah ta wajen Matamaye mai busasshen zogale da yaji. Daga yankinsu ne mata ke kwasar yara su bi Sahara zuwa Aljeriya, kuma ba wanda ya manta Oktoban 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara. Ta ce ita dai kada ta hau wannan motar. Irin waɗannan ba sa barin sana'a don an yi mako guda ba ciniki.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, wannan hanya ba arziki ba ce ta dare ɗaya. Har yanzu akwai watan da muke komawa ƙasa da jika talatin. Akwai ƙauyukan da rezo ba ya kaiwa, akwai gidajen da babu babbar waya ko ɗaya, kuma ba kowane faranti ne za a iya saukewa yau ba. Mu ma namu ɗaya ne muka sauke, cikin dubbai da ke yawo a garin nan.

Don haka ƙanenmu da ƙannenmu masu turo murya, kafin ku sayi mega ta farko, ku samu wuri ku zauna ku amsa wa kanku abu uku. Don wa zan yi? Nawa nake bukata a wata don wannan mutumin? Zuwa yaushe? "Ina son in dogara da kaina" magana ce mai daɗi, amma ba ta da ranar hisabi, don haka ba ta riƙe mutum in abu ya yi tsanani. Ku mayar da ita kuɗin hayar ɗaki, ko maganin hawan jinin tsohuwa, ko buhun hatsi kafin bazara, ko kuɗin makarantar ƙane. Ko da kai ne mutumin, faɗi abin da kake son ya canja da ranar da kake son ganinsa. Ku rubuta a shafin farko na littafin lissafi, ku kuma faɗa wa wani babba da kuke jin nauyinsa, wanda zai tambaye ku in ranar ta zo. Sannan ku duba abin da gidanku ko garinku ya iya tun asali, wanda kuka san mai kyansa da marar kyansa, kafin ku ruga ga kayan da kowa ke sawa a statu.

In kuma Allah ya cika muku na farko, ku nemi na biyu tun da wuri, don sana'ar da ba ta da abin kora sanyi take yi. Namu yanzu biyu ne. Auta na kwaleji, BEPC na gabanta, kuma mun ƙudura sai ta zauna wannan jarrabawa. Sannan bayan Inna ya fara gajiya da turmi, muna tara kuɗin ƙaramin injin matsar mai, mun rubuta adadi da wa'adi kamar wancan karon.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu da cin haƙƙin wanda ya yarda da mu bai gan mu ba, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Mu huta lafiya.